Agogon da ba ya tashi sai an ga ɓarawo

Dokoki biyu na Najeriya sun yanke wa duk mai riƙe da bayanan jama'a a kwamfuta wa'adi iri ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ce idan aka keta ma'ajiyar bayanai ta yadda mutane za su iya cutuwa, a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a shekarar 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa awa 72. Sai dai a duka biyun, ba a fara ƙirga awannin sai daga lokacin da ofishi ya gane an shiga masa. Ofishin da bai taɓa dubawa ba, agogonsa ba zai taɓa tashi ba. Ɓarawo na iya shekara a cikin kwamfutar da ke lissafin albashi, shugaban ofishin kuma ya rantse da gaskiyarsa cewa ba a taɓa yi musu kutse ba.

A nan ne maganar ta shafi Miga. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma an san inda aka dosa: kuɗi da sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu za su ƙara bi ta kwamfutocin sakatariyoyi irin na Miga da Jahun da Kiyawa, inda kwamfuta ɗaya kan yi wa mutum biyar aiki da kalmar sirri ɗaya. Abin da nake kira gare shi shi ne gwamnatin Jigawa ta sa ido a kan layukan sadarwarta da buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda masu su suka saki rubutun da aka gina su da shi kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani da su ba tare da sayen lasisi ba. Kuɗin da aka tsirar kuwa a zuba shi a kan mutanen da za su zauna gaban allo.

Yawancin ofisoshi suna da katangar tsaro da manhajar kashe ƙwayar cuta, suna ganin sun gama. Katanga aikinta hana shiga. Wanda ya riga ya shiga da mabuɗin gaske, misali da kalmar sirrin akawun da aka yaudara da saƙon imel, katanga ba ruwanta da shi. Aikin mai gadi ne wannan, kuma masu gadin iri-iri ne. Snort, da Martin Roesch ya rubuta a 1998, da Suricata, da ta fito a 2010, suna aiki kamar mai gadin da aka ba hotunan sanannun ɓarayi: suna duba duk abin da ke wucewa ta waya, suna gwada shi da jerin alamomin hare-haren da aka sani, in ya dace su yi kururuwa. Zeek, da Vern Paxson ya fara a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Bro kafin a sauya masa suna a 2018, ya fi kama da magatakarda. Shi rubutawa yake yi: wace kwamfuta ta yi magana da wace, da ƙarfe nawa, bayani nawa ya fita. Ko da saƙon a kulle yake ba a iya karanta cikinsa, rajistar za ta nuna cewa kwamfutar sashen kuɗi ta tura tarin bayanai wata ƙasa da ƙarfe uku na dare, ranar Lahadi. Wazuh kuma a cikin kwamfutar yake zama, yana lura da wanda ya shiga da fayil ɗin da aka taɓa. Security Onion ya tattara irin waɗannan a kunshi ɗaya.

Kada a ɗauka kayan marasa galihu ne. Kamfanin Sourcefire da Roesch ya kafa a kan Snort, Cisco ya saye shi a 2013 kan dala biliyan 2.7.

Hujjar kuɗi a bayyane take. Lasisin manhajojin kasuwa da dala ake biyansa, kowace shekara. Dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Jihar da ta ɗaura tsaronta a kan lasisi ta ɗaura shi a kan farashin canji, ranar da aka kasa sabuntawa kuma mai gadin ya daina karɓar sababbin hotuna ba tare da kowa ya lura ba.

Amma kalmar "kyauta" ita ce tarkon. Misalai biyu sun ishe mu. A 1986, a wannan ɗakin bincike na Berkeley, an sa Clifford Stoll ya gano dalilin giɓin santi 75 a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta. Bai yi watsi da shi ba. Ya bi sawu wata da watanni har ya kai ga Markus Hess a Jamus, wanda ke sayar wa KGB abin da ya kwaso. A 2013 kuwa kantunan Target na Amurka suna da na'urar gano kutse mai tsadar gaske. Ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba, aka kwashe bayanan katin kuɗi kimanin miliyan 40. Suricata da aka kunna a ofishi za ta iya fitar da ɗaruruwan gargaɗi a yini, mafi yawansu ba komai ba ne. Sai an sami mai haƙurin tace su, wanda ya san yadda ofishin yake a ranar da babu matsala, kafin a ji kururuwar gaske a cikin hayaniya.

Jigawa ta fi jihohi da yawa damar samun irin wannan mutum. Tun farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa Galaxy da cibiyar fasahar sadarwa ta Kazaure, a lokacin da ake yi mata dariyar sayen kwamfuta alhali ana neman ruwan sha. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Shugaban hukumar NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan jihar ne. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda ɗalibi zai iya saukewa a tsohuwar kwamfutarsa ya koya da daddare, ya zo aiki ya tarar da ita ɗin dai. Matsalar ita ce riƙe shi. Yaron da ya iya karanta rajistar Zeek, banki a Legas ko kamfani a waje zai ba shi ninkin abin da matakin albashi na takwas ke biya, ba tare da ya bar ɗakinsa ba.

Ba na cewa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe ɗakin sa ido. Jigawa na da 27, kuma ɗakin da ke jiran wutar KEDCO a yankin da ambaliya ke yanke hanya da damina ba ɗakin tsaro ba ne. Ƙaramar na'ura mai sola a kowace sakatariya, tana tura rajistarta zuwa cibiya ɗaya a Dutse, ta wadatar. Tura rajistar waje na da wani amfanin: wanda ya yi aika-aika daga cikin gida, ya ƙara sunan bogi a jerin albashi, ba zai iya goge sawunsa da ya riga ya bar garin ba. Ina zaton wannan ne zai sa wasu su ƙi shirin, ba tsada ba.

Akwai kuma abin da ya dame ni a matsayina na ɗan jarida. Idon da ke ganin ɓarawo yana ganin ma'aikacin da ya aika wa jarida takardar kwangila. Kafin a kunna na'ura ko ɗaya, ya kamata Majalisar Dokokin Jiha ta rubuta a fili wa ke da ikon buɗe rajistar, wata nawa za a ajiye ta, kuma wa ke duba wanda ya buɗe. A kasafin kuɗi kuma, a nemi layin da ya ce albashin masu sa ido na dare da rana, a gwada shi da layin sayen kayan aiki.