Wanda Bai Ji Hausa Ba, Ina Zai Ji Kukan Ɗalibi?

Duk lokacin da aka ta da maganar horar da masana halayyar ɗalibai a Nijar, baki yakan rabu biyu. Wasu su ce alatu ne: ƙasar da yaranta ke karatu cikin rumfunan kara, ina ita ina wannan? Wasu kuma ba su ga wata hanya ba sai a kwafo tsarin Faransa ɗungurungum. Duka biyun sun saki hanya, kuma ɗaliban Tasawa da Mayahi ne ke shan wahalar.

Masu cewa alatu ne su dubi halin da ɗalibin kwalejin karkara yake ciki, a Korgom ne ko Urafan ko Kanambakashe. Yarinya ta baro ƙauyensu, tana zaune hannun mariƙi, kafin ta kai jarrabawar brebe an ɗaura mata aure. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maradi kuma ita ce kan gaba. Yaro ya ajiye littafi ya bi ƴan ci-rani, kamar yadda aka gani sa'ad da zinarin Jado ya ɓulla a 2014. Tun shekarun 2000 kuma ake jin ƴan mata na zubewa a aji cikin makarantun ƙasar nan, a ce iskoki ne, a sallami kowa. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴa mace. To, amma takarda ba ta da kunne. Wa zai zauna da yarinyar nan tun kafin ta daina zuwa? Malamin da aji ya cika masa maƙil?

Masu son kwafe su ma a yi musu tuni. A Faransa, tun 2017, mai neman wannan aiki sai ya sami digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, ya ci gasar ɗaukar ma'aikata, sannan ya yi shekara guda ta horo. A Amurka ana buƙatar awa 1,200 na koyon aiki. Wannan tsanani abin koyi ne. Kayan awonsu ne abin tsoro. Gwajin basira na farko, wanda Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a 1905, don yaran Faris aka yi shi. In aka auna ɗan Isawan da jikokin wannan gwaji, cikin harshen da bai taɓa ji ba sai ranar da ya shiga lakwal, za a kira shi daƙiƙi alhali ba shi ba ne. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba kunya ce ya nuna. Wanda bai san tarbiyyar Bahaushe ba sai ya rubuta cuta.

Ai ba daga ƙasa za a fara ginin ba. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai na da sashen ilimin halayyar ɗan Adam, ta Tawa na da tsangayar ilimin tarbiyya, Maradi kuma na da tata jami'ar. Gwajin koyarwa da Hausa ya soma a Damagaram tun 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Saboda haka duk digiri na biyu da zai fitar da masanin halayyar ɗalibai ya cika sharuɗɗa uku. A jarraba ɗalibinsa kan iya sauraron yaro da iyayensa cikin harshen yankin da zai yi aiki. Ya yi shekara guda cur yana koyon aiki a kwalejin karkara, tare da malamai da uwayen ɗalibai da limamai. A kuma tanadar masa gurbin aiki a sufetocin ilimi na Tasawa da Mayahi, don kada ya ƙare a ofishin wata ƙungiyar agaji a babban birni.

Ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu su ne ya kamata su kai wannan buƙata gaban hukuma tun kafin a rubuta manhaja, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.