Kira ga Mai Girma Ministan Bunƙasa Kiwo da Kwamishinonin Noma na Jihohin Arewa: A Kula da 'Ya'yan Namun Daji Lokacin Yankan Ciyawa

Muna jinjina wa gwamnati kan kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a shekarar 2024, da ƙoƙarin da take yi na noman ciyawar dabbobi. Wannan aiki zai kai injunan yanka gonaki da burtalan da da can lauje kaɗai suka sani. Shi ya sa muke roƙon a duba wani abu tun ran gini, tun ran zane.

Mai yanka da lauje yana ganin abin da ke gabansa. Direban tarakta kuwa ba ya gani. Barewa da gada sukan ɓoye jariransu cikin ciyawa su tafi kiwo, kuma ɗabi'ar jaririn ita ce ya laɓe ya yi lamo idan ya ji motsi, ba ya gudu. Haka zabon daji da fakara suke ƙwai a ƙasa, ga zomo da bushiya. Duk wuƙar inji kan bi ta kansu.

Jamus ta daɗe tana fama da wannan. Barewar can tana haihuwa a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin yankan ciyawa na farko. Tun 2021 ma'aikatar noma ta ƙasar ke tallafa wa ƙungiyoyi su sayi jirage marasa matuƙi masu kyamarar gano ɗumin jiki, ana duba gona da asuba kafin inji ya shiga. Damuwarsu ta wuce tausayi: gawar dabba idan ta ruɓe cikin ciyawar da aka adana takan haifar da gubar da ke kashe shanu. Ke nan makiyayi ma yana da riba a ciki.

Ranku ya daɗe, abin da muke roƙo ba ya bukatar kuɗi mai yawa:

Na ɗaya, a koya wa direbobi fara yanka daga tsakiyar gona zuwa gefe, domin dabba ta samu hanyar fita. Wanda ya faro daga gefe tara su yake yi a tsakiya.

Na biyu, a riƙa zagaya gona da ƙafa da sassafe kafin a tayar da inji. Sarakunan baka da mafarauta sun san sawu da makwanci, a sa su cikin aikin.

Na uku, jaririn da aka tsinta a ɗauke shi da damin ciyawa, a ajiye shi a inuwa kusa da wurin, a sake shi da an gama, domin uwarsa tana nan kusa. Kada a kai shi gida ko kasuwa.

Na huɗu, a bar ɗan zirin ciyawa a bakin gona ba a yanke ba.

Na biyar, a ƙarfafa aiki da dokar hana ƙona daji ta hukumar kare muhalli (NESREA) ta 2011, domin abin da ya tsira daga inji wutar kaka ke cinye shi.

Muna roƙon a sa waɗannan cikin horon malaman gona da sharuɗɗan bayar da hayar tarakta, a kuma isar da su ta rediyo da bakin hakimai da dagatai kafin kaka mai zuwa. Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba ku ikon sauke wannan amana.