In Kuɗin Cefane Ya Yi Kaɗan

Uwargida, kin san in kuɗin cefane ya yi kaɗan, abin da zai ƙosar ake saye. Haka yaƙi da ƙanjamau ya koma tun 2025 da Amurka ta rage tallafinta. To da me za a gane shirin da ya cancanci kuɗin? Yawan taro da rabon riguna ba ma'auni ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin jarirai 100 na iyaye mata masu cutar, 15 zuwa 45 kan ɗauka in ba magani. Da magani kuwa ba sa kai 5. Sai a ƙirga: mata nawa aka gwada wajen awo a nan Yakasai, jarirai nawa suka tsira? Mu je awo da wuri, mu yarda a gwada mu. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.