Sitaj a ƙungiyoyin agaji: wa ke biyan kuɗin koyon aikin ƴaƴanmu?

Duk shekara idan ƙarshen karatu ya gabato a jami'o'i da manyan makarantu, akwai wani albishir da ke shigowa gidajenmu wanda farkonsa daɗi ne, ƙarshensa kuma lissafi. Yaro ko yarinya su dawo gida su ce: "Inna, na samu sitaj a wata ƙungiya." Uwa ta yi hamdala, ta sanar da maƙwabtan rumfa, sannan ta tambaya nawa za a riƙa ba shi a wata. A nan ne yaro ke sunkuyar da kai ya ce ai ba biya, koyon aiki ne kawai. Daga wannan rana kuɗin kabu-kabu, da kalacin rana, da ɗinkin da za a shiga biro da shi, da katin waya, duka daga kwanon cinikin uwa za su fito, ko tana zaune a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu duba wannan al'amari tare da ƴan kasuwa, domin kuwa su ne ke biyan abin da ake kira kyauta.

Ga waɗanda ba su shiga lakkol ba, sitaj shi ne ɗan lokacin da ɗalibi ke yi a wata ma'aikata, wata guda ko uku ko shida, yana ganin yadda ake aiki da ido yana kuma sa hannu. Iri biyu ne. Akwai wanda makaranta ke wajabtawa, wanda sai ɗalibi ya yi shi ya rubuta rahoto kafin a ba shi dipilom. Akwai kuma wanda matashi ke nema bayan ya gama karatu, saboda duk inda ya kai takardun neman aiki sai a tambaye shi shaidar cewa ya taɓa aiki a wani wuri. Ba za a ɗauke shi ba sai ya taɓa aiki, ba zai taɓa aiki ba sai an ɗauke shi. Sitaj ita ce ƴar ƙofar da ta rage masa.

Abin da ya sa idanun yaranmu ke kan ƙungiyoyin agaji ba ɓoyayye ba ne. Tun ƙarancin cimaka na shekara ta 2005, lokacin da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙungiyoyi na waje da na gida suka yawaita, suka zama manyan masu ɗaukar ma'aikata bayan gwamnati. Yaro ya tashi yana ganin farar kat-kat da tambari a jikinta, yana jin labarin albashi da perdiyam. A gefe guda kuma masu fitowa daga makaranta sai ƙaruwa suke yi. A da, in ka cire jami'ar Musulunci ta Say, jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kaɗai gare mu. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ban da makarantu masu zaman kansu da ke koyar da lissafin kuɗi, da aikin jinya, da tafiyar da porje. Masu neman wuri sun fi wuraren yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke samun farashin kaya idan suka cika kasuwa masu saye kuma suka yi kaɗan. Haka gumin ɗalibi ya faɗi har ya kai ba a ba shi komi.

To bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce yaro na kashe jika guda a rana wajen zuwa da dawowa, ya ci abincin dala ɗari da rana. A kwana 22 na aiki, jika 33 ke nan a wata. Sitaj ta wata uku ta tashi jika 99, ba a sa ɗinki ba, ba a sa buga rahoto ba, ba a sa hayar ɗaki ba idan yaron daga Tasawa ko Magarya ko Madawa ya zo babban gari. Mu tuna cewa albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a ƙasar nan ya daɗe a kan sefa 30.047 tun 2012, sai daga baya ya koma jika 42. Ke nan abin da uwa ke zubawa a wata ya kusa albashin lebura cikakke. Mai sayar da tumatir ko ƙuli-ƙuli ko atamfa ba ta da wani asusu na daban da za ta ciro wannan kuɗi. Daga jari take yanka, ko ta ɗauki adashenta kafin lokacin sari, ko ta ci bashi.

Illar farko ke nan. Ta biyu ta fi ta zafi, domin ba a ganinta da ido. Idan sitaj ba biya, wanda gidansu ke da hali shi kaɗai ke iya jure wata shida yana aiki ba ko dala. Ɗan talakka, ko da shi ne na ɗaya a ajinsu, bayan sati uku sai ya fara fashi, daga nan ya bari ya koma tura baro ko jiran shago. Ranar da ƙungiya za ta ɗauki ma'aikaci, wanda ta sani ta saba da shi za ta ɗauka. Ta haka ƙungiyar da aka kafa domin yaƙi da talauci ke tace ƴaƴan talakawa tun daga bakin ƙofa, ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba. Asarar kuma ba ta yaron kaɗai ba ce. Wanda ya tashi a ƙauye, ya san lokacin da rumbu ke ƙarewa, ya san yadda ake gaida mai gari da yadda ake shiga gidan matan kulle, shi ne ya fi dacewa da aikin karkara, shi ne kuma ake rasawa. Game da ƴaƴa mata, kowace uwa ta san haɗarin da ke tattare da yarinyar da ba ta da kuɗin komawa gida sai ta jira wani ya rage mata hanya.

Adalci ne mu saurari su ma ƙungiyoyin. Suna cewa kuɗin da ke hannunsu ba nasu ba ne, na masu ba da tallafi ne, kuma kowace dala an rubuta abin da za a yi da ita, wanda ya karkatar da ita sai ya amsa tambaya. Suna cewa ɗalibi a watan farko nauyi ne, sai an ware ma'aikaci ya zauna da shi. Ƙananan ƙungiyoyinmu na gida kuma, da yawansu shugabanninsu ma ba albashi gare su ba. Ga shi kuma zamani ya juya. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma a watan Yuli na shekarar aka rufe hukumar USAID. A nan gida, a watan Nuwamba na 2024 hukumomi sun janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa, a watan Fabrairu na 2025 kuma suka umarci ƙungiyar CICR da ta rufe ofisoshinta. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan matakai, abin da ya shafi zancenmu shi ne wuraren aiki sun ragu, ma'aikata da dama sun koma gida.

Sai dai mu a ganinmu wannan ƙuncin shi ne babban dalilin da zai sa a sa ido. Idan kuɗi suka ragu aiki kuma bai ragu ba, abu mafi sauƙi ga kowace ma'aikata shi ne ta sallami mai albashi ta zaunar da ɗan sitaj a kujerarsa. Wannan ya gama wata shida a kawo wani, kujera ba ta taɓa zama ba kowa, albashi kuma ba ya fita. A nan ne ya kamata a rarrabe abubuwa uku da ake cuɗawa. Mai aikin sa kai, irin matasan Kuruwa Ruj da muke gani ranar ambaliya ko gobara, shi ya ba da lokacinsa domin lada, ranar da ya ga dama ya huta. Ɗalibin da ya zo kallo na sati biyu ko wata guda baƙo ne, ba mai cewa a ba shi albashi. Amma wanda ke zuwa da safe ya tashi da yamma, yana shiga ƙauyuka yana cika takardun bincike, yana auna yara, yana zuba lissafi a kwamfuta, kuma rahoton da ake aika wa masu tallafi da guminsa a ciki, wannan aiki yake yi ko da wane suna aka kira shi.

Mu ƴan kasuwa ba sai an karanta mana wannan a littafi ba. Wanene a cikinmu ya taɓa ɗaukar yaron shago ya bar shi da yunwa? Tun kaka da kakanni, yaron da ke koyon kasuwanci ko ɗinki ko ƙira yana ci daga tukunyar maigida, ana ba shi na sabulu, ana yi masa kayan salla, idan ya yi ciwo maigida ke kai shi likita, kuma idan ya ƙware a yanka masa jari a sa masa albarka. Ba a kiran wannan albashi, amma kowa ya san hakki ne, kuma maigidan da ya tauye shi sunansa ke ɓaci a kasuwa. Idan mai rumfa guda ya iya wannan, ba mu ga dalilin da zai hana ƙungiyar da ke da motoci da janareto ta iya ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun sa doka. A Faransa, wadda daga wurinta muka gaji tsarin sitaj, duk wanda ya wuce wata biyu a ma'aikata dole a biya shi, ko kamfani ne ko ofishin gwamnati ko ƙungiyar agaji. A 2024 da 2025 mafi ƙarancin abin da ake bayarwa shi ne yuro 4 da santim 35 a awa guda, kimanin sefa 2.850. Ba muna cewa a kawo wannan farashi nan ba, rayuwarsu daban tamu daban. Abin ɗauka shi ne ƙa'idar: gajeren kallo kyauta ne, dogon aiki da biya. Ko Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta tsira daga wannan zance ba. A 2015 labarin wani matashi ɗan ƙasar Niyu Zilan ya zagaya duniya, bayan an gan shi yana kwana cikin tanti a birnin Janeba yana sitaj ba biya a ofishin majalisar. Daga baya wasu rassanta, kamar hukumar ƴan gudun hijira da hukumar lafiya ta duniya, sun fara bai wa ƴan sitaj abin kashewa.

A gida ma tunanin ba baƙo ba ne. Masu bautar ƙasa na sarbis sibik gwamnati na ba su ɗan abin hannu a wata. Hukumar samar da aiki ta ANPE ita ma ta fito da shirin sanya matasa masu dipilom a ma'aikatu tare da ɗan alawus. Abin da ya rage shi ne wannan tunani ya shiga duk inda ake karɓar ɗalibi.

Ga ƙungiyoyi, shawararmu ita ce tun ranar da ake rubuta porje a sa layin ƴan sitaj kamar yadda ake sa na mai da na gyaran mota. A porje na miliyoyi, kuɗin mota da abincin ɗalibi biyu ba shi ne zai karya kasafi ba. A kuma riƙa manna sanarwar wuraren a makarantu kowa ya gani, kada ya zama sai wanda ke da ɗan uwa a ciki. Ga hukuma, tunda ita ke ba da izinin aiki tana kuma karɓar rahoton kowace ƙungiya, ba wuya ta tambayi ɗalibai nawa aka karɓa, wata nawa suka yi, nawa aka ba su, ta kuma yanke wa'adin da idan aka wuce shi dole a biya.

Ga iyaye kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki ciro jika guda, ki sa yaro ya kawo takardar yarjejeniya mai sa hannun makaranta da ƙungiya. A karanta miki ranar farawa da ranar gamawa, da aikin da zai yi, da wanda zai koya masa, da abin da za a ba shi ko da na mota ne, da wanda zai ɗauki nauyi idan ya yi haɗari a hanyar ƙauye, da takardar shaidar da zai fita da ita. Idan wa'adi ya cika aka ce ya ƙara wata uku ba biya ba alkawari a rubuce, ku zauna ku yi lissafi kamar yadda kike yi kafin ki ƙara sarin kayan da ba su fita. Duk wanda kuma ya ce a ba shi kuɗi ya samo wa yaro wurin sitaj, a guje shi, wurin koyon aiki ba a sayar da shi.

A ƙarshe akwai abin da ke hannunmu mu da kanmu. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Waɗannan asusai, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa, da na masu sarrafa gyaɗa da riɗi da kilishi, su ma ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, kuma da yawansu na bukatar mai riƙe littafin kuɗi da mai rubuta takardar neman bashi a banki. Idan mata talatin suka ƙara dala hamsin kowace a zubin sati, jika 30 ke nan a wata, wanda ya isa ya riƙe ɗaliba guda ta gyara musu lissafi ta kuma fita da shaidar aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan muka fara biyan namu, bakinmu zai fi ƙarfi ranar da za mu ce wa masu kat-kat su biya nasu. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya sa wa kasuwa albarka.