Wakanda Forever: an bar jaki ana dukan taiki

Tun da fim ɗin Black Panther: Wakanda Forever ya fito a watan Nuwamba na 2022 matasanmu ke kiransa "fim ɗinmu na Afirka". Ni dai ban yarda ba, kuma ba ƙiyayya ce ta sa ni faɗin haka ba. Da littattafan zane na Marvel na tashi, na san T'Challa tun yana kan takarda, wannan sarki da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro a 1966 cikin Fantastic Four lamba ta 52.

Gaskiya fim ɗin yana da abin yabo. Ryan Coogler ya yi makokin Chadwick Boseman, wanda ya rasu ranar 28 ga Agustan 2020, cikin mutunci. Dakarun mata na Dora Milaje kuma dole su burge ɗan Benin, don suna tuna mana da Agojie na masarautar Dahomey, waɗanda aka kafa musu mutum-mutumi mai tsawon mita 30 a Kwatano a 2022.

Amma jama'a, mu dubi labarin kansa. A farkonsa sojojin haya na Faransa ne suka kai hari a Ansongo ta ƙasar Mali, garin da ke bakin kogin Isa, wannan kogi da ya raba Malanbil da Gaya. Ma'adinin vibranium suka je sata. Sarauniya Ramonda ta gurfanar da su gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, har abin ya ɓata wa ministan tsaron Faransa Sébastien Lecornu rai, ya fito ya yi tir da shi a Fabrairun 2023. Duk wanda ya san yadda aka kwashi yuraniyom ɗin Arlit sama da shekara 50 ya gane inda aka dosa.

To daga nan sai me? Sai aka mance da ɓarawon. Sauran fim ɗin, mai tsawon minti 161, yaƙi ne tsakanin Wakanda da Talokan, al'ummu biyu da maƙiyinsu ɗaya ne. Namor ya cika babban birnin Wakanda da ruwa, Ramonda ta mutu, mayaƙa suka yi ta zuba a teku. Shugabar CIA kuwa, wadda ta faɗa da bakinta cewa burinta Amurka ta mallaki ma'adinin, ko ƙwarzane ba ta samu ba.

Masu kare fim ɗin kan ce ai haka yake a littafi. E, Namor ya taɓa nutsar da Wakanda a jerin Avengers vs. X-Men na 2012. Sai dai Namor na littafi, wanda Bill Everett ya zana a 1939, sarkin Atlantis ne, ubansa ma matuƙin jirgin ruwa ne Ba'amurke. Masu fim ne suka mayar da shi jikan ƙabilar Maya da Sifaniyawa suka tarwatsa. Ashe suna da ikon sauya labari in sun so. Suka sauya asalin Namor, suka ƙi sauya wanda zai sha duka.

Wasu kuma su ce ai daga ƙarshe Shuri ta yafe masa, an yi sulhu. Sulhu bayan an binne uwa? Kuma Namor da kansa ya nuna jira yake duniya ta juya wa Wakanda baya, ta dawo tana neman taimakonsa.

Wannan magana ta fi ƙarfin nishaɗi a wajenmu mutanen iyaka. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka ruɓe, masu zumunci suka koma shiga kwalekwale don zuwa suna ko jana'iza. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, aka koma cacar baki kan bututun mai da ya taso daga Agadem zuwa Sèmè. Wa ya ji jiki? Ɗan dako da mai sayar da albasa, Badandi da Bahaushe da Bazabarme, dangin juna a gaɓa biyu na kogi. Mu da garinmu ke ɗauke da sunan gwamnan mulkin mallaka Malan mun fi kowa sanin wanda ke cin ribar rigimar 'yan'uwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ban ce kada a kalli fim ɗin ba. A kalla, a ji daɗin muryar Tems da Burna Boy. Amma a tuna kamfanin Disney ne mai shi, kuma ba zai kashe kuɗinsa ya nuna Wakanda tana ragargaza jiragen yaƙin Amurka ba. A fim na farko ma, na 2018, wurin da aka ji Hausa shi ne dajin Sambisa, cikin masu sace 'yan mata.

Kira na ga matasanmu masu hannun zane a Gaya, Maraɗi da Kano shi ne su ɗauki alƙalami. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, tana nan tana jiran mai zana ta, kuma a labarinta ba a ɓoye sunan maƙiyi ba.