Ba Wanda Ya Gaya Wa Goggo Gashinta Zai Zube

Goggona mai bandar kifi ce a Yauri, kuma da kuɗin kifinta na yi rajistar shekarata ta farko a makarantar nan. Da gwaji ya nuna ƙullutun da ke nononta ciwon daji ne, ni aka ɗora wa jinyarta a hutun bara, tunda ni ne ɗan boko.

Ranar da sakamako ya fito a wani babban asibiti, ma'aikatan jinya biyu suka tsaya a kanta suna ta Turanci kamar ba ta wurin. Ta ja bakin rigata ta ce, "Ɗan nan, me suke cewa?" Na ce, "Ba komai Goggo, ƙari ne kawai." Ƙarya na yi, don Baba ya ce kar a gaya mata.

Aka ɗaura mata ruwan kemo na farko, aka sallame mu, aka ce mu dawo bayan mako uku. Ba wanda ya ce za ta yi amai, ko ya ce gashinta zai zube. Da ta wayi gari ta ga gashi a kan matashi, sai maƙwabta suka ce ai dama daji ba ya son allura. Goggo ta ce ita da asibiti har abada. Wata uku tana shan jiƙo, ciwo na ci.

Abin da ya dawo da ita magana ce. A asibiti na biyu wata nas ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "Inna, me kika sani game da ciwon nan, me kuma kike so ki sani?" Goggo ta ce, "Na daɗe da sanin daji ne, yaran nan nake tausayi." Wallahi kunya ta kama ni. Nas ɗin ta yi mata bayani da Hausa: maganin yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, shi ya sa yake taɓa tushen gashi da cikin hanji. Gashi zai dawo, amai akwai maganinsa, amma in zazzaɓi ya zo a garzayo ko da tsakar dare, don kemo na rage sojojin jini. Sannan ta sa Goggo ta maimaita abin da ta ji. Duka bai kai minti goma ba.

Ra'ayina shi ne, wannan minti goman yana cikin magani, ba alfarma ba ne. Na san za a ce ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci, da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya, waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, na gani da idona. To amma majinyacin da ya gudu don bai fahimta ba zai dawo da ciwon da ya fi cin lokaci da kuɗi. Mu 'yan uwa ma da laifinmu. Muna ɓoye wa mutum ciwonsa da sunan tausayi, alhali shi zai sha wahalar maganin. Tawakkali bai hana mutum sanin abin da ke jikinsa ba.

A yankinmu akwai ƙarin matsalar yare. A gadon kusa da Goggo akwai wata tsohuwa daga wajen Wara a Ngaski, Kambarci take ji, Hausarta kaɗan ce. Jikanta ɗan sakandare ke mata tafinta. Yaya yaro zai faɗa wa kakarsa za a cire mata nono? Haka masu Gunganci da Shanganci ke fama. Ya kamata kowane ɗakin jinya ya san ma'aikatansa masu jin waɗannan harsuna, a riƙa kiransu.

A 2024 aka zaɓi Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnan Kebbi, a matsayin shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar UICC mai yaƙi da ciwon daji a duniya. Abin alfahari ne, amma mai bandar kifi ba za ta gani a ƙasa ba sai an yi mata magana yadda za ta gane.

'Yan uwa ɗalibai, mu ne ake turawa asibiti da iyaye. In ta faɗo kanka, kar ka karɓi takarda ka juya. Tambayi sunan ciwon, abin da maganin zai jawo, da alamar da za ta sa a dawo da gaggawa. Ka roƙi nas cikin ladabi ta yi wa mai ciwon bayani da kanta.

Goggo ta gama kemo, an yi mata aiki, gashi ya fara tsirowa. Likita dai ya ce wata ukun nan sun yi mana tsada. Allah Ya ba ta lafiya, da duk marasa lafiyarmu.