Gardamar da ta girmi kakanninmu

Jama'a, duk wanda ya ɗauka tsakanin Musulmi da Kirista aka fara gardama kan Isa Almasihu, to bai leƙa tarihi ba. Kusan shekara 300 kafin zuwan Musulunci, wani limamin coci a Iskandariyya ta Masar, Ariyus, ya kafe cewa Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Rikici ya yi ƙamari har Sarki Konstantin ya tara manyan limamai a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a shekarar 325, suka yanke cewa ainihin Almasihu ɗaya ne da na Allah Uba, aka kori Ariyus. Ƙura ba ta lafa ba. Taron Kalsidon na 451 ya ce Almasihu ɗabi'a biyu gare shi, ta allahntaka da ta mutuntaka, Kibɗawan Masar da cocin Habasha suka ce atabau, kuma har yau suna kan bakansu. Musulmi kuwa manzon Allah suka ɗauke shi, ɗan Maryama, wanda ba a gicciye ba. Yahudawa ba su karɓe shi a matsayin Almasihu ba. Masana tarihi marasa addini irin su Bart Ehrman na Amurka sun yarda ya rayu kuma gwamnan Romawa Bilatus ya gicciye shi, amma Bayahude mai wa'azi kawai suke gani. Abin takaici shi ne yadda matasa ke zage-zage a Facebook kan batun da ya gagari manyan malamai tsawon ƙarnoni, alhali ba su san abin da abokin gardamarsu ya yi imani da shi ba. Mai son shiga wannan fage, ya fara zama ya yi karatu.